Dassin 'Yar Ihemma: Matar Da Ahaggar Ta So, Turawa Suka Yi Mafarkinta

Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu masu bin hanyar Agadas zuwa Arlit, su ƙetare Asamaka da In Gezam har su sauke kaya a Tamanrasset, sun sha jin sunan Dassin, ko dai a bakin direbobi ko kuma a jikin gidan raya al'adu na garin, wanda aka sa wa sunanta. In ka tambayi mutum uku ko wace ce ita, amsa uku za ka samu. Wani zai ce maka sarauniya ce, wani ya ce mawaƙiya ce da wani sarki ya kusa zaucewa a kanta, na ukun kuwa sai ya yi murmushi, ya rage murya, ya kawo maka irin zancen nan da ake yi a kan matan Abzinawa a bayan idonsu. A filinmu na yau za mu bi tarihin wannan baiwar Allah, mu ware abin da mutanen zamaninta suka shaida a kanta daga abin da baƙi suka ɗora mata daga baya, domin su biyun sun yi hannun riga.

Cikakken sunanta Dassin ult Ihemma, wato Dassin 'yar Ihemma, Faransawa kuma suna rubuta shi Dassine. An haife ta wajen shekarar 1873 a ƙasar Ahaggar, wato duwatsun nan da suka kewaye Tamanrasset, waɗanda Larabawa da Turawa ke kira Hoggar. Mu a Hausa mukan haɗa masu rawani da amawali baki ɗaya mu ce Abzinawa ko Buzaye, amma su a wurinsu kowane tambari da jama'arsa: akwai na Abzin, akwai na Azawak, akwai na Ajjer wajen Janet da Gat, akwai kuma Kel Ahaggar. A cikin Kel Ahaggar ɗin ma akwai gidan sarauta, su ne Kel Ghela, kuma a wannan gida aka haifi Dassin. Sarkinsu shi ake kira amenokal, alamar mulkinsa babban tambari. Abin da zai ba Bahaushe mamaki shi ne, a wurinsu ta ɗakin uwa ake gadon sarauta. Namiji ne ke hawa, amma sai in uwarsa ta fito daga tsatson da ke da haƙƙin tambarin. Kel Ghela suna danganta wannan tsatso da Tin Hinan, kakar da ake cewa kabarinta ne ke Abalesa, kimanin kilomita 80 yamma da Tamanrasset. Ke nan yarinyar da aka haifa a irin gidan su Dassin tun tana goye ake kallon ta a matsayin uwar sarakunan gobe.

Tamanrasset ɗin da muka sani yau, mai kwalta da filin jirgi da kasuwar Assihar, babu shi a lokacin ƙuruciyarta. Ko a 1905 bukkoki ne kamar ashirin na manoma a bakin ƙorama. Masu sarauta a tantin fata suke zaune, suna bin ruwa da ciyawa. Tantin kuma na mace ne, da shi take zuwa gidan aure, in auren ya mutu ta naɗe abinta ta tafi, ta bar namiji da sirdinsa da takobinsa. Kada kuma mu ɓoye wani abu: hutun da 'ya'yan manya irin su Dassin suka samu har suka ƙware a kiɗa da waƙa, a kan wuyan wasu aka same shi. Akwai imghad masu kiwon awaki suna biyan haraji, akwai kuma bayi, iklan, waɗanda akasarinsu daga ƙasashen kudu aka kwaso su ko aka kwaso iyayensu, su ne masu daka da ɗiban ruwa da kiwo. Dangantakarsu da ƙasarmu ba ta tsaya nan ba. Baƙin turkuɗi mai sheƙi da manyan Ahaggar maza da mata ke taƙama da shi, daga marinar Kura ta ƙasar Kano yake fitowa, geron da suke ci kuma daga Damargu da Adar ayari ke kawo shi, a musanya da gishirin Amadghor.

To, da me Dassin ta yi suna? Da imzad, wanda Abzinawan Nijar ke kira anzad. Ɗan'uwan gogenmu ne sak: rabin ƙwarya a rufe da fata, tsirkiya ɗaya ta izgar doki, da ɗan baka da ake gogawa. Bambancin shi ne, a ƙasar Hausa maza ke goge, kuma an daɗe ana yi masa kallon kiɗan bori da na gidan shagali, alhali a Ahaggar mata kaɗai ke taɓa shi, kuma kiɗan mutunci ne. Mace na gogawa, maza na rera baituka ko suna bin ta da gunji a maƙogwaro. Mayaƙin da ya juya baya a fagen fama, babban abin da yake tsoro shi ne ranar da zai dawo gida mata su ƙi goga masa imzad. Saboda haka macen da ta iya wannan kiɗa, ga kaifin baki, ga asali, tana riƙe da wani irin iko da babu takobin da ke ba da shi, domin a gabanta ake auna mazaje.

Wurin da ake wannan awo shi ake kira ahal, kuma a nan ne duk wata jita-jita ta samo tushe, don haka bari mu ɗan tsaya a kansa. Ahal zama ne na dare, bayan an tatsi dabbobi, a wani tanti ko a fili nesa kaɗan da dattawa. Samari su ci ado, su naɗa rawani har ido kawai ake gani, wani ya yi tafiyar kwana biyu ko uku a kan raƙumi don kawai ya halarci zaman wata da ya ji labarinta. Mace ce ke shugabantar zaman. Ana kiɗa, ana waƙa, ana wasa ƙwaƙwalwa da kacici-kacici da ba'a, wanda ya kasa mayar da magana a yi masa dariya. Waɗanda al'ada ta buɗe wa wannan ƙofa su ne marasa aure: 'yan mata da suka isa, da zawarawa, da samari da gwauraye. Ba za mu ce komai na ahal ya dace da shari'a ba, malaman Abzinawa da kansu sun yi ta faɗa da sakin fuskar da ake yi a cikinsa, kamar dai yadda malamanmu suka yi ta faɗa da tsarance da wasan dandali har suka kau. Wanda kakarsa ta yi gaɗa a dandali da farin wata bai kamata ya riƙe baki don ya ji labarin ahal ba. Amma akwai iyaka da kowa ya sani: da zarar an ɗaura wa mace aure, ta fita daga wannan sahu. Mace ɗaya namiji ke aure a al'adarsu, ita kuma ana sa ran ta tsare masa amana, in zama ya ƙi daɗi a rabu a fili, kowa ya kama gabansa. Baƙon da ya ga mace fuska a buɗe tana zaune cikin maza tana mayar musu da magana, sai ya ɗauka komai ma a buɗe yake. Wannan kuskure hafsoshin Faransa sun yi shi, kuma har gobe akwai fataken da ke yin sa.

A shekarun 1890 babu ahal da ya kai na Dassin cika. Cikin masu zuwa akwai wani ɗan'uwanta na dangi, Musa ag Amastan, wanda aka haifa wajen 1867. Musa ya tashi cikin kai hari da ramuwar hari, aikin samarin gidansu ke nan a lokacin, ya kai farmaki har ƙasar Azawak, kuma mawaƙi ne na ji da gani. Ya so Dassin so mai tsanani, ya yi mata waƙoƙi, kuma ba shi kaɗai ba, mawaƙan Ahaggar da dama sun saka sunanta cikin baitukansu, har ya zama in ana son a yaba kyan wata ko hankalinta sai a gwada ta da Dassin. Waƙoƙin da aka yi mata sun fi waɗanda aka tabbatar ita ta yi yawa nesa ba kusa ba. Duk da haka ba Musa ta aura ba. Ta auri wani mutum mai suna Aflan.

A nan ne mai neman abin kunya zai gyara zama, yana jiran a ce masa soyayyar ta ci gaba ta bayan tanti. Sai dai shaidar da ta zo mana daga zamanin ta saɓa wa haka, kuma ba daga bakin Bature ta fito ba. A 1906 wani masanin harsuna mai suna Motylinski ya zo Tamanrasset ya rubuta labarai daga bakin mutanen ƙasar cikin harshensu na Tamahak, aka gyara su aka buga a Aljas a 1922. Cikinsu akwai wani ɗan guntun bayani a kan Dassin tun tana da rai. Mai bayanin ya yabi kyanta da iya kiɗanta, ya nuna cewa ko cikin maza kaɗan ne suka kai ta basira, ya ce kafin aurenta wurinta kowa ke zuwa, bayan auren ma masu son ta a zuci suna da yawa, amma ba a taɓa jin wani ya jingina mata aikin assha ba, saboda mace ce mai gudun abin kunya. Mai karatu ya tuna irin jama'ar da ake magana: 'yan dubbai ne, kowa ya san kowa, sawun raƙumi a kan yashi ma ana gane na wane ne, ga kuma mawaƙa masu zambo da ba su raga wa kowa. A irin wannan wuri, a ce macen da idon kowa ke kanta ta fita ba tabo, mu dai a ganinmu wannan ya fi duk wani kirari da aka yi mata nauyi.

Shi kuwa Musa, tatsuniyar da ke yawo tana nuna shi a matsayin wanda baƙin cikin rashin Dassin ya kora cikin hamada yana neman mutuwa a bakin mashi. Tarihinsa na zahiri ya fi haka sarƙaƙiya. Ya karkata ga addini a hannun Shehu Bay al-Kunti na Adrar ɗin Ifoghas, sannan siyasar zamani ta taso masa. Ranar 7 ga Mayu 1902 sojan Faransa ƙarƙashin Laftana Cottenest suka yi wa Kel Ahaggar mummunar ɓarna a Tit, arewa da Tamanrasset kaɗan, aka kashe musu kusan mutum ɗari. Ga jama'ar da ba ta da yawa, wannan karyewar ƙashin baya ce. Musa na cikin masu ganin cewa takobi ba zai ja da bindiga mai aman wuta ba, ya je In Salah a 1904 ya yi sulhu, Faransawa suka tabbatar da shi amenokal a 1905, har suka kai shi ziyara Faransa a 1910. Ya gina gida a Tamanrasset wanda ake kira Soro, kalmar da Bahaushe ba ya bukatar tafinta a kanta. Lokacin da Kawusan ya yi wa Agadas ƙawanya daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, Musa ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya tsaya a ɓangaren Faransa, abin da har yau wasu Abzinawan Nijar ba su yafe masa ba, wasu kuma ke cewa da haka ya tsirar da ragowar jama'arsa. Ya rasu a Disamba 1920, ba a fagen fama ba, bayan shekara 15 yana riƙe da tambari. A duk tsawon wannan lokaci Dassin tana nan a matsayin babbar mace a gidan sarauta wadda ake jin maganarta, wanda ya gaji Musa kuma ƙanenta ne, Akhamuk ag Ihemma, wanda ya yi mulki har 1941.

Yawancin abin da muka sani game da waƙoƙin wannan zamani ta hannun mutum ɗaya ya zo, wato Charles de Foucauld, ana furta sunan Fuko, tsohon hafsan soja da ya koma limamin Kirista, ya zauna a Tamanrasset daga 1905. Abokin manyan sojan mamaya ne, wannan ba a musu, kuma bai samu mabiya addininsa a Ahaggar ba. Amma wajen rubuta harshe mutum ne mai tsantseni. A tafiyar da ya yi a 1907 har biya yake yi, kowane baiti ƙaramin kwabon Faransa ɗaya, mata da yara da tsofaffi suna zuwa suna karanto masa abin da suka haddace, ciniki ke nan da babu ɗan kasuwar da zai raina. Ya tara waƙoƙi 575, baiti wajen 6,000, kowace da sunan mai ita da dalilin yin ta da fassarar kalma bayan kalma. Ya san Dassin ido da ido, yana girmama hankalinta, tana cikin waɗanda yake komawa gare su a kan harshe da al'ada. Ya kammala aikin waƙoƙin ranar 28 ga Nuwamba 1916, bayan kwana uku aka harbe shi a ƙofar ganuwarsa. An buga kundin cikin littafi biyu a 1925 da 1930.

Kafin wannan kundi ya isa hannun masu karatu, wani littafin ya riga shi shiga kasuwa. A 1919 wani marubucin Faransa, Pierre Benoit, ya fitar da ƙagaggen labari mai suna L'Atlantide, inda ya ƙirƙiro wata sarauniya Antinea da ke zaune a wata ɓoyayyiyar fada cikin duwatsun Hoggar, tana janyo hafsoshin Turawa ɗaya bayan ɗaya, in ta gama da mutum ya mutu da son ta, a adana gawarsa a jera a wani zaure. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, aka mai da shi fim a 1921. Da aka tone kabarin Abalesa a 1925 aka samu ƙasusuwa da mundayen zinariya da azurfa, aka kwashe su, daga baya aka ajiye a gidan tarihi na Bardo a Aljas, sai jaridun Turai suka yi ta haɗa Tin Hinan da Antinea kamar dai an gano gaskiyar tatsuniyar. Tun daga nan duk Baturen da ya nufo Tamanrasset da hoton macen hamada a kansa yake zuwa: kyakkyawa, mai mulki, mai sauya maza kamar riga. Da ya iso ya tambayi wace ce shahararriyar macen ƙasar, sai a ce masa Dassin. Sai ya ɗauki rigar Antinea ya rataya mata.

Wadda ta fi kowa ɗinka wannan riga ita ce Angèle Maraval-Berthoin, wata marubuciya Bafaranshiya daga Oran. Ta fitar da Chants du Hoggar a 1924, sannan a 1951 ta fitar da littafin da ta kira Dassin sarauniyar Hoggar a kan bangonsa. Ba da mugun nufi ta yi ba, ƙaunar matar ce ta ja ta, amma ta zuba soyayyar Musa da Dassin cikin ma'aunin masu karatun Faris, da kuka da kishi da dogayen kalaman bege, ga shi kuma Dassin ba ta taɓa zama sarauniya ba, don mace ba ta hawa tambarin Ahaggar. Daga irin waɗannan littattafai ne akasarin kalaman da ake liƙawa a katin gaisuwa da shafukan intanet da sunan Dassin suka fito, cikin Faransanci mai santsi, ba tare da an nuna asalinsu cikin Tamahak ba. Duk wanda ya taɓa sayen turare a kwalba mai tambarin Makka alhali a bayan kasuwa aka dura shi, ya san irin wannan ciniki. Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, yau har wasu jikokin Ahaggar ta wannan hanya suke sanin kakarsu.

Ita kuwa mai sunan, tana nan da ranta lokacin da ake wannan saƙa a kanta. Ta ga shigowar motocin farko da suka ratsa hamada a shekarun 1920, ta ga Tamanrasset ya zama mazaunin hukumar soja, ta ga yawancin raƙuman danginta sun koma kiwo a Tamesna cikin ƙasar Nijar saboda fari, ayarin gishiri kuma ya zama abin dogaro a maimakon hari. Baƙi masu yawon buɗe ido da suka zo neman Antinea sukan nemi a kai su su gan ta, sai su tarar da dattijuwa cikin baƙin mayafi, yayar sarki, wadda ake shiga wurinta da ladabi. Ta rasu a cikin shekarun 1930. Ɗan ƙanenta, Bay ag Akhamuk, shi ne amenokal daga 1950 zuwa 1975, a zamaninsa Aljeriya ta samu 'yanci a 1962.

Kiɗan da ta yi suna da shi ya kusa bin ta. Ahal ya ja baya saboda wa'azin malamai da zaman gari da shigowar rediyo da kaset, samari suka koma wa jita, har ya zama a farkon shekarun 2000 tsofaffin mata 'yan ƙalilan ne suka rage a Ahaggar da suka iya goga imzad yadda ya kamata. A 2003 aka kafa wata ƙungiya ta ceto imzad, ta tattaro waɗannan tsofaffi suka shiga koya wa 'yan mata, tun daga yadda ake zaɓen ƙwarya da jeme fata har zuwa kiɗan kansa, aka kuma gina masa gida na musamman a Tamanrasset mai suna Dar el Imzad. A 2013 hukumar UNESCO ta sa imzad cikin jerin al'adun duniya da ake tattali, da sunan ƙasashe uku a haɗe: Aljeriya da Mali da Nijar.